"Ana yabonka salla, ka kasa alwala": ta dace da marubuci kuwa?

Maman Ilham, Garwa (Kamaru): Salamu alaikum jama'a. Akwai marubuciyar da nake bi tun ina budurwa, lokacin da 'yan kasuwa ke shigo mana da littattafan Kano ta Yola. Sabon littafinta sai da na nemi ɗan canji ya mayar mini da sefa naira kafin a sa ni a gurup ɗin WhatsApp. Wallahi har na kai ƙarshe ban gane wa ke auren wa ba. Mata biyu sunansu ɗaya, wanda aka yi wa jana'iza a farko ya dawo yana tuƙa mota ba bayani, ana cikin Kano sai ka tsinci kanka a Dubai. Na ce da ƙawata wannan shi ne ana yabonka salla ka kasa alwala, ta ce karin maganar ba nan ne gurbinta ba. Ku raba mu.

Ɗan Marwa: Adda, ƙawarki ta fi ki gaskiya. Ana faɗin wannan ga wanda yabo ya riga aikinsa, da aka zo gwaji sai ya ba da kunya. Ita kuwa ke da bakinki kin ce ta yi shekaru tana burge ki. Wadda ta dace da ita ita ce ba kullum ake kwana a gado ba.

Baba Tela, Ngaundare: A'a ɗana, ka ƙuntata ta. Ba ruwan karin maganar da ko yabon na gaskiya ne ko na ƙarya. Abin da take nunawa shi ne mutum ya faɗi a matakin farko alhali ana kallonsa a na sama. Alwala yaro ɗan shekara 7 ake koya wa. To a rubutun labari mene ne alwalar? Mai karatu ya san wane ne wane, ya san jiya da yau. Kuma kada a ce mana yawan rassa ne ya kawo ruɗani. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da ta fara fitowa a 1937 labari ne cikin labari har littafi uku, amma ba inda za ka ɓata, don kullum aku na dawo da kai kan asalin labarin. Ita kuwa ba kullum ake kwana a gado ba, jaje ce. Ana faɗa wa wanda ƙaddara ta faɗa masa, ba wanda ya yi sakaci da aikinsa ya kuma karɓi kuɗin mutane ba.

Hajjo, Kusiri: Baba, a gafarce ni, zan ɗan tsoma baki. Ni ma na karanta shi, kuma ban ga sakaci ba, tsarin sayarwar ne. A da marubuciya sai ta gama littafi ɗungurungum, a buga shi na ɗaya, na biyu, na uku. Yanzu kullum dare sai ta saki shafi, masu biya suna kanta: kashe wance, dawo mana da wane, kar ki raba su. Mamacin nan da ya tashi, na rantse masu sharhi ne suka tashe shi. Ga kuma ja da labari don kada gurup ya watse. Idan kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza.

Baba Tela: 'Yata, kin kawo dalilin kasa alwalar ne, ba ki ce an yi ta ba.

Ɗan Marwa: To ni bari in taɓo inda ba a so. Mu nan da Faransanci muka yi makaranta, a kasuwa Fillanci, Hausar boko kowa da kansa ya koya. Anya ba salon 'yan Kano na yanzu ne ya fi ƙarfinmu ba, rabi Hausa rabi Turanci?

Maman Ilham: Haba Hamma! Da wace Hausar na karanta na baya har ina kuka? Turancin da take cusawa yana ba ni wahala, ban musa ba, amma ba shi ya ba mata biyu suna ɗaya ba. 'Yan Najeriya da ke gurup ɗin ma tambayar da suke yi ke nan, wace Zainab ɗin ake nufi.

Hajjo: Wannan kam gaskiya ne, har wata ta roƙa a riƙa sa musu lamba.

Ɗan Marwa: Na janye batun Hausar. Amma ina nan kan bakata a kan karin maganar: in kin faɗa mata ita, kamar kin soke yabon shekarun baya ne gaba ɗaya, kuma ba ta cancanci haka ba.

Maman Ilham: Ban soke ba, tsofaffin suna nan cikin akwatina, 'yata ma ta fara karanta su. Hajjo, an ce za ta fara sabo bayan salla. In kin shiga ki karanta shafi 20 na farko ki faɗa mini, kafin in sake zuwa wurin ɗan canji.