Wanda ya mutu a hannun 'yan sanda wajen kamu, wa za a riƙe?

Ɗan_Talaka: Salam jama'a, dan Allah masu ilimin shari'a ku raba mu gardama. In 'yan sanda sun zo kama mutum ya ƙi tsayawa ko ya yi taurin kai, suka danne shi ko suka harbe shi ya mutu, shikenan ya tafi a banza tunda a bakin aiki suke? Abokina ya kafe wai duk wanda ya gudu shi ya halatta jininsa.

Ɗalibin_Lauya: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai faɗi daidai ba. Doka ta yarda a yi amfani da ƙarfi wajen kamu amma gwargwadon buƙata, da zarar mutum ya sallama ko an sa masa ankwa to ƙarfi ya ƙare. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1990 sun ce ba a harbi da niyyar kisa sai in babu wata hanya ta ceton rai. Batun gudu kuwa, kotun ƙolin Amurka ta yanke tun 1985, a shari'ar wani yaro ɗan shekara 15 da aka harbe a Memphis yana haura shinge ba makami a hannunsa, cewa gudu kaɗai bai isa hujjar harbi ba.

Gaskiya_Ɗaci: Malam duk wannan a takarda ne wlh. Duba Eric Garner a New York 2014, an shaƙe shi yana ta cewa ba ya iya numfashi, ga bidiyo kowa ya gani, amma ko gurfanar da ɗan sandan ba a yi ba, sai 2019 aka kore shi daga aiki kawai, iyalan kuma aka ba su diyyar dala miliyan 5.9 wadda daga aljihun birnin ta fito ba daga nasa ba. To wa aka hukunta kenan? Matsalar ita ce mai gabatar da ƙara kullum da 'yan sanda yake aiki, su ke kawo masa shaidu, ta yaya zai juyo kansu da zafi.

Maman_Biyu: Amma ai ana hukuntawa wani lokaci yayana. Derek Chauvin, ɗan sandan birnin Minneapolis da ya danne wuyan George Floyd har ya mutu, da gwiwa sama da minti 9 a Mayun 2020 an ba shi shekara 22 da rabi, su ma ukun da ke tare da shi an ɗaure su. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sanarwar farko ta 'yan sandan Minneapolis, wai rashin lafiya ce ta kama mutumin, ko maganar gwiwa ba su yi ba. Ba don yarinya 'yar shekara 17 ta tsaya ta ɗauka da wayarta ba da ƙila a haka za a rufe maganar.

Ɗalibin_Lauya: Haka ne hajiya. Shi ya sa ake so wata hukuma daban ta yi binciken, ba abokan aikin 'yan sandan ba, kuma iyalai su nemi likita ya duba gawa kafin a binne, don in aka rasa wannan rahoton lauya ma hannunsa a ɗaure yake.

Ɗan_Talaka: Na gode. To in ba bidiyo, shaidu kuma suna tsoron fitowa fa?