Wane tafki ne ya dace da yawo a jirgin ruwa da kamun kifi?

Mai_Fatsa:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara, ni da ƙanina da matanmu muna so mu yi hutu a bakin wani babban tafki, ba teku ba, saboda ƙanin nawa baya son ruwan gishiri. Ni kamun kifi da fatsa ne ya fi damuna, shi kuma iyo da tuƙa kwale-kwale yake so, matan kuma a samu jirgi mai kyau a zagaya da su su sha iska. Akwai tafkin da zai haɗa mana duka ukun nan? Victoria nake ta hange tunda shi ne mafi girma a Afirka amma ban san komai a kai ba.

Baban_Yara:
Wa alaikumus salam malam. Gaskiya girman tafki ba shi ne abin dubawa ba, abin da za ku yi a cikinsa shi ne. In kifi ne a ranka to Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Dam ne aka yi a kogin Zambezi aka gama a 1959, ruwa ya shanye daji guda, har yau za ka ga busassun itatuwa a tsaye a tsakiyar ruwa kuma a gindinsu kifi ke taruwa. Ana hayar jirgi mai ɗakunan kwana da kicin, ku kwana uku ko huɗu a kan ruwa, da yamma a ɗaure jirgin a gaɓa kuna kallon giwaye sun sauko shan ruwa. Kifin da ake zuwa dominsa shi ne tsage, mai haƙoran nan kamar ƙusa. Wallahi ranar da na fara kama shi sai da ya yi tsalle sama har sau uku yana girgiza kai, zaren ya kusa yanka min yatsa, kuma dole ka sa 'yar waya a bakin ƙugiya in ba haka ba cizo ɗaya zai datse zaren ya tafi. Amma fa ƙaninka ya manta da iyo a can, akwai kada akwai dorina, ko ƙafa ba a zurawa a ruwa daga gaɓa.

Hajiya_Ummi:
Ni dai ƙanena tafkin Malawi zan ce maka, musamman tunda da mata za ku je. Ruwan garai-garai yake, a Cape Maclear, wani wuri a bakin tafkin, kana tsaye ruwa iya ƙirji kana ganin yatsun ƙafarka da ƙananan kifaye shuɗi da rawaya suna zagaye ka, ɗaruruwan iri ne kuma yawancinsu babu su a ko'ina a duniya sai nan, shi ya sa UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Ana ba da hayar ƙaramin kwale-kwale na mutum ɗaya ko biyu ka tuƙa da kanka zuwa tsibiran da ke kusa, ga tabarau na leƙa ƙarƙashin ruwa. Sai dai a cikin gandun da aka killace ba a yarda ka jefa ƙugiya kusa da gaɓa ba, sai ka nemi masunta su fita da kai can ciki. Abu ɗaya da ba zan ɓoye maka ba shi ne tsargiya, tana nan a wasu gaɓoɓin musamman inda ruwa ya kwanta ga ciyayi, domin a jikin katantanwa ƙwayar take. In kun dawo ku je asibiti a gwada ku ko da ba ku ji komai ba, maganinta praziquantel ne.

Ɗan_Jirgi:
Kar a raina Victoria fa. Giwan ruwa da aka zuba a cikinsa a shekarun 1950 yana girma har ya fi mutum nauyi, kuma daga Jinja a Yuganda inda Nilu ya fita daga tafkin ana wasan gangara ruwa mai ƙarfi a jirgin roba, ƙanin naka zai so wannan. Abin da nake tsoro da Victoria hadari ne, yakan taso da dare ko da asuba, ruwa ya rikice kamar teku. Jirgin fasinja MV Bukoba ya nutse a 1996, MV Nyerere a 2018, ɗaruruwan mutane suka rasu kuma duka biyun lodi ya wuce ƙima. Na taɓa sauka daga wani jirgi tun kafin ya tashi don na ƙirga rigunan kariya ba su kai rabin mutanen ciki ba, mai jirgin yana ta cewa ba nisa. Kar ku yarda da wannan maganar, kowa ya ɗaura tasa tun daga gaɓa har wanda ya iya ruwa.

Baban_Yara:
Haka ne. In kuma giwan ruwan kake so ba tare da wannan hadarin ba akwai tafkin Nasser a kudancin Masar, bayan dam ɗin Aswan, daga nan ma ku leƙa tsoffin wuraren bautar zamanin Fir'auna na Abu Simbel. Shi ma dai akwai kada.

Mai_Fatsa:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na karanta wa mutanen gida kuma duk sun karkata Malawi, ni kaɗai ne tsagen Kariba ya tsaya min a rai, ƙila in bar shi sai wata tafiyar. Hajiya wane wata ne ya fi dacewa a je?

Hajiya_Ummi:
Daminarsu daga wajen Nuwamba ne zuwa Afrilu, ku kauce mata. Yuni da Yuli kuma akwai sanyi da wata iska da suke kira mwera mai tayar da igiyar ruwa, ƙaramin kwale-kwale yana shan wuya. Mu a Satumba muka je, ruwan a kwance lumui, da sassafe muke fita kafin rana ta yi zafi.