Magen da na tsinto a kasuwa ta ƙi sakewa da mu, ko haka duk suke?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum. Ina da maguna biyu a gida. Ta farko, Amira, tun tana jaririya aka ba ni ita, a ɗaki ta tashi, a cinyar yara take barci, ko baƙi suka zo ita ke fara tarbarsu. Ta biyun kuwa a gefen rumfar masu kifi na tsince ta cikin damina, a jiƙe sharkaf, haƙarƙarinta duk a waje. Yara suka sa mata Baƙuwa.

Halinsu ya sha bamban. Baƙuwa idan aka zuba abinci ci take hannu baka hannu ƙwarya, wani lokacin har ta amayar. Ta samu kifi sai ta ja shi ƙarƙashin gado. Da ta ga an ɗauki tsintsiya ko ta ji takun Baban Hanan, ta ɓace. Ba ta kuka sam, alhali Amira har damun mutum take da kuka. Da asuba kuma tana jikin taga tana yakushin raga. Sai dai ɓera da kyankyaso sun ƙare a kicin ɗina tun zuwanta, ita Amira kallonsu kawai take yi.

Shin za ta taɓa sabawa, ko dai cutar ta nake yi da na tsare ta? Wallahi ina son magen nan.

Likitan Dabbobi, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Akwai wani ɗan lokaci a rayuwar kyanwa, daga mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa, wanda a cikinsa take koyon ko ɗan Adam abin yarda ne ko abin tsoro. Amira ta yi wannan lokacin a hannun mutane. Baƙuwa wataƙila jifa da kora ta sani, shi ya sa tsintsiya ke firgita ta. Tunda har ta bari kin ɗauke ta, alama ce ta ɗan san mutane, kuma irin waɗannan suna sabawa, sai dai abin na iya ɗaukar watanni. Rashin kukan ma daga nan yake, don manyan maguna galibi mutane suke yi wa wannan kukan, su kuwa na titi shiru ne ke tsare su.

Amma lafiya ce gaba. Ki kai ta asibitin dabbobi a ba ta maganin tsutsar ciki, a duba ƙuma da makero, don makero yana kama yara. A yi mata rigakafin ciwon haukan kare, maguna ma suna ɗaukarsa, kuma daga wata 3 ake fara allurar. Kafin nan ki raba musu kwano da wurin kashi. Abinci kuma kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana a lokaci sananne, a inda Amira ba ta ganinta. Kada a sa mata albasa ko tafarnuwa, kuma don Allah kada a taɓa ba mage farasitamol, kashe ta yake yi.

Hajiya Inna:
'Yata, ni abin da ya tsaya mini shi ne tsarewar. Hadisi ya zo a kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ke kina ciyarwa, don haka ba ki cikin wannan. Duk da haka wadda ta saba da yawo ɗaki yana yi mata ƙunci. Ki bar mata tsakar gida ta sha rana ta hau katanga. Mu a da haka muke zaune da su, su fita su dawo.

Abban Sadiq:
Hajiya Inna, a yi haƙuri, zamani ya canza. Maƙwabta na zuba maganin ɓera, ga motoci, ga yara da danƙo. Muzuruna ma daga titi ya zo, kunnensa ɗaya a yage. Da farko huci kawai yake min. Ban taɓa bin sa ba, zama nake a tabarma in ajiye abinci kusa da ni in kau da kai. Yanzu duk inda na sa ƙafa yana biye, har ya fi na gidan manne mini, amma har gobe ba ya yarda a ɗaga shi sama. Fitar dare kuwa sai da aka yi masa fiɗiya ya rage.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai. Likita, daren jiya ta hau ƙarshen gado ta kwanta kusa da ƙafata, ina motsawa ta sauka. In gwada shafa ta?

Likitan Dabbobi, Zariya:
Kada ki yi sauri, Hajiya. Miƙa mata yatsa ɗaya ta shinshina, idan ta goga kumatunta sai ki shafa gefen wuya, ban da ciki da wutsiya. Kada ki zuba mata ido, ki riƙa lumshe idonki a hankali. Idan kun je asibiti ki sa a duba ko tana da ciki, don mage tana iya ɗauka tun tana wata 4 zuwa 6, kuma wata biyu da 'yan kwanaki take haihuwa.