Sabulun gilisarin na narkawa: kowa ya faɗi yadda ya kwashe da shi

Maman Biyu, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa aiki da bulon sabulun nan na gilisarin, wanda ake yayyankawa a narkar a zuba a mazubi. Na sayi kilo biyu wajen wata mai kawo kaya daga Duwala, ɗaya garai-garai har ana hango yatsa ta cikinsa, ɗaya fari. Aikin bai ba ni wahala ba, kafin in gama girkin rana ya daskare. Amma tun da Agusta ya kama, duk wanda na jera a tire sai ya wayi gari da ƙananan ɗigon ruwa a jikinsa, in an taɓa sai danƙo. Wadda ta ba ni aikin har ta fara tambaya ko ya lalace. Bulon ne marar kyau, ko kowa haka yake gani?

Hajiya Babba, Ngaundare

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, bai lalace ba. Halin gilisarin ke nan, yana jan danshin da ke cikin iska zuwa jikinsa, shi ya sa ma yake sa fata laushi. Ke kuma kina bakin Binuwai a tsakiyar damina, me kike jira? Mu nan da ruwa ke kai mu daga Afrilu har Oktoba, mun daɗe da sabawa.

Maganinsa shi ne kada ya sha iska. Da kin cire shi daga mazubi, ki naɗe shi da ledar nan mai laushi ta rufe abinci, ki ja ta ta manne ko'ina. Ba gobe ba, a take. Wannan ba irin sabulun soda ba ne da ake shanyawa sati huɗu zuwa shida yana bushewa. Ni bayan naɗewa ina zuba su a bokiti mai murfi, in jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Wanda ya riga ya yi gumi, ki goge da tsumma mai tsabta ki naɗe, wanka dai zai yi lafiya lau.

'Yar Kusiri

Mu a nan matsalar daban ce. Gumi sai a ɗan tsakanin Yuli da Satumba. Abin da ke cin mu zafi ne da bushewa. Na taɓa aika kwali guda zuwa Njamena a watan Afrilu, direba ya sa a but, aka tsaya dogon layi a gadar Ngeli. Da aka buɗe, furannin da na sha wahalar fitarwa duk sun lotse, gefe ya manne da leda. Yanzu da sassafe nake aikawa, kuma a cikin kula. In hunturu ya shigo kuma, wanda aka bari a buɗe sai ya ƙanƙance ya yamutse, don ruwan jikinsa ne ke fita. Kin ga ko ta ina aka bi, maganar Hajiya ce: a naɗe.

Kuma a daina sa shi a firji don ya yi saurin daskarewa. Kana fito da shi cikin zafin nan raɓa za ta kwanta masa.

Mai Sabulu, Marwa

Ku yi haƙuri iyayena mata, zan faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Wannan ba yin sabulu ba ne, yi wa sabulu kwalliya ne. A masana'anta aka riga aka haɗa mai da soda aka gama, aka ƙara gilisarin da sobitol da wasu sinadarai don ya riƙa narkewa ya sake daskarewa. Ni da nake haɗa nawa da man auduga na Diamaor da man kwarar manja, na san abin da ke cikin kowane yanka. Ku kun sani? Wani bulon ma babu takarda a jikinsa. Sannan ku yi lissafi: kaya ya taso daga Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ya hau mota zuwa arewa, kowa ya ɗora nasa. Ta yaya za ku yi gogayya da sabulun kuub, dunƙulen nan na wanki da ke kowane shago?

Hajiya Babba, Ngaundare

Malam, maganar takarda gaskiyarka ce, ni ma ba na sayen wanda ba a rubuta abin da ke ciki ba. Amma wa ya ce maka da kuub muke gogayya? Ba mai sayen namu don wankin zane. Na rabon biki ne da suna, da kayan lefe, da mai son ta ajiye abu mai kyau a banɗakin baƙi. Kuma ni jikoki ne cike da gida, ɗaki ɗaya nake aiki. Garin soda fari ne, yaro ba ya bambanta shi da sukari. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Anti Mai Humra, Njamena

Ni bari in yi maganar abin da ake zubawa ciki, don a nan ne mata ke ɓata kuɗinsu. Kowa na so ta ce nata akwai kaɗanya, akwai zuma, akwai kurkur, akwai zogale, duk a yanka ɗaya. Bulon nan ba ya ɗaukar kaya da yawa. Sodar da ke cikinsa ta gama aikinta, don haka man da kika ƙara ba zai zama sabulu ba, mai zai zauna. Na gwada cika masa man kaɗanya: ya yi taushi, kumfa ta mutu, mai yana tasowa sama. A rabin kilo, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya wadatar. Zuma ma haka, ita kuma har gumin take ƙarawa.

Turare kuwa, abin da na tsaya a kai shi ne giram 10 zuwa 15 a rabin kilo, wato kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma na mai, wanda aka yi don fata. Humra sana'ata ce, amma ba na zuba ta kai tsaye. Tana gurɓata mai garai-garai ɗin, ƙamshin kuma ba ya zama yadda yake a kwalba. Man sandal nake sawa, sai in ajiye naɗaɗɗen sabulun a akwatin da nake ajiye turaren wuta, takardar da na lulluɓe shi da ita ta ɗauki ƙamshin. Duk turaren da ke da banila a ciki, ku sani farin sabulu zai koma ruwan ƙasa bayan 'yan makonni. Ba lalacewa ba ce, amma amarya ba za ta yarda ba.

Maman Biyu, Garwa

Allah Ya saka da alheri, na naɗe na jiya kuma yau ƙalau suke. Anti, zoɓo fa? Ina son jan launinsa.

Anti Mai Humra, Njamena

Kada ki soma. Jan zoɓo sai a cikin tsami yake tsayawa, sabulu kuwa ɓangaren kanwa yake. Kina zubawa zai juye ya koma wani toka-toka mai duhu. Busassun furanni ma baƙi suke yi a ciki. Kurkur ɗan kaɗan yana ba da rawaya mai kyau, garin gawayi na magani yana ba da baƙi. In ja kike so, ki nemi launin da aka yi don sabulu. Ɗanyen abu kuma, madara ko kokwamba ko ruwan lemo, a bar shi a kicin, fumfuna yake kawowa.

Amaryar Gidar

Ni sabuwa ce, kuma a gawayi nake yi don wuta ba ta zama a unguwarmu. Abin da na lura: in aka ɗora kwano kai tsaye a kan wuta, ƙasan yana ƙonewa, ya yi rawaya, ya riƙa wani wari. Yanzu ruwa nake tafasawa a tukunya in sauke, in ɗora kwanon silba a kai in rufe, in yanka bulon ƙanana. Wajen digiri 60 ya isa ya narke, ba ya son tafasa. Ina juyawa a hankali, don saurin juyi kumfa yake tarawa. Amma duk da haka bayan sabulun yana fitowa da ƙananan ramuka.

'Yar Kusiri

Amarya, je ki farmasi ki sayi alkol mai ƙarfin kashi 90, ki zuba a kwalbar fesawa. Da kin zuba sabulun a mazubi, fesa sau ɗaya ko biyu, a gabanki kumfar za ta fashe. In kala biyu za ki yi, bari na ƙasa ya yi fatar da za ta ɗauki yatsa, ki fesa masa alkol, sannan ki zuba na sama bayan ya ɗan huce, in ba haka ba ko su cakuɗe ko su rabu a hannun mai wanka. Tunda da gawayi kike aiki, ki matsa nesa da murhu kafin ki fesa, alkol yana kama wuta. Mazubi kuma ba sai na silikon ba, robar yawurt da aka wanke ta bushe sarai tana yi, ki ɗan matsa gefenta zai faɗo.