Me za mu kira "supply chain risk" kafin tara na safe?

Mai Fassara, Samaru: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza mini. Gobe ƙarfe tara na safe zan shiga shirin rediyo da wani malamin ilimin duwatsu, kan yadda ake amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen gane yawan ma'adinin da mahaƙa ke fitarwa. Wannan na gane shi, don ya nuna mini a kwamfutarsa: rami ɗaya, hoton bara da na bana, bakin ramin ya faɗaɗa, tulin ƙasar da ake zubarwa a gefe ya ƙaru, sai a buga lissafi. Inda na maƙale shi ne "supply chain risk". Na rubuta "haɗarin sarƙar samar da kaya", na karanta wa mahaifiyata, ta ce wace sarƙar, ta wuya ko ta ɗaure kare?

Malamar Jogirafi: Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ta gama maganar. Bar sarƙa. Dubi abin da ake nufi: kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Kwango yake fitowa, galibi wajen Kolwezi. Manyan motoci su kai shi tashar ruwa, a tace mafi yawansa a Sin, ya ƙare a batirin wayarka. In wuri ɗaya ya tsaya, kowa ya ji a jikinsa. Ni "haɗarin yankewar hanyar kaya" zan ce.

Ɗan Tudun Wada: Anti, in ya ce "haɗarin hanyar kaya" a rediyo, direbobin Kwangila za su ɗauka tirela ce ta kife. Me zai hana kasada?

Malamar Jogirafi: Kasada mutum ne ke yin ta da ƙafarsa. Wannan kuwa kana zaune zai same ka. Ai shi ya sa na sa "yankewa" a tsakiya.

Baba Mai Ritaya: Yara, kuna neman abin da ke cikin aljihunku. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, da madugu da zango-zango. Ayari ake cewa. "Tsinkewar ayari", shi ke nan. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne wannan "hotunan tauraron ɗan'adam". Kalma uku, kafin ka gama faɗa tauraron ya wuce Kaduna. Na daɗe ina cewa a kira shi tsinkayau, daga tsinkaya, wato hango abu daga nesa. Hoton tsinkayau. Ku faɗa a bakinku ku ji daɗinsa.

Mai Fassara, Samaru: Allah ya ƙara girma Baba, amma tauraron ɗan'adam ya riga ya zauna, kowa ya san shi. Ɗayar ce matsalata.

Baba Mai Ritaya: Ya zauna don babu wanda ya tashe shi. Yau a kasuwar Sabon Gari ka ce satalayit, faranti za a miƙo maka na kallon ƙwallo. Tsinkayau ba ya rikicewa da komai.

Bakano a Kongo: Baba ranka ya daɗe, tsinkayau ai kamar sunan ciwon baya. Kuma da izininku, tun yaushe Zazzagawa suka fara raba wa mutane kalmomi? Ku fara raba "ya" da "ta" tukuna, "matata ya zo" bai bar bakinku ba.

Ɗan Tudun Wada: To fa. Ɗan'uwa, Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 a wane gari aka fara buga ta? Hausar bokon da kake taƙama da ita a nan aka yi mata wanka. Kuma karatu ka zo yi Zariya, ba mu muka je Kano ba.

Bakano a Kongo: An buga a Zariya, amma da Kananci aka daidaita ta. Ka tambayi malamanka.

Injiniya: Ku yi haƙuri in katse ku, akwai abin da ya fi sarƙa haɗari a rubutun. Malam, don Allah kada ka ce tauraro yana "auna" ma'adini ko yana "ganin" abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Mutanenmu za su ɗauka na'urar gano zinariya ce. Saman ƙasa kawai yake gani. Landsat na Amurka, da aka fara harbawa a 1972, ɗigo ɗaya a hotonsa na yanzu mita 30 ne. Sentinel-2 na Turai mita 10 ne, yana dawowa kan wuri ɗaya duk kwana biyar, kuma kyauta ake saukar da hotunan. Ka ga ƙaramin rami irin na masu haƙar gargajiya a Anka ba zai fito shi kaɗai ba, sai dai a ga fili ya yi fari, an share ciyayi. Mahaƙar da ke can cikin ƙasa kuwa sai dai a duba tarkacen da take zubarwa. Da damina gajimare ya rufe, sai a koma wa na'urar rada (radar), mai ratsa gajimare. Ana kuma duba zafin da matatar narka ƙarfe ke fitarwa, a gane tana aiki ko ta tsaya. Duk wannan ƙiyasi ne, kalmar ke nan.

Mai Fassara, Samaru: Wallahi "auna" na rubuta har wuri biyu. Na gyara, na gode.

Baba Mai Ritaya: Kun ji ko? Daga nesa yake hange, ba ya taɓawa. Tsinkayau ke nan.

Ɗan Maraɗi: Ni ayarin Baba ya kwanta mini, don mun gani da ido. Yuraniyom na Arlit, a Nijar, a da ta tashar Kwatano yake fita. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka da Binin, ma'adini na nan a ƙasa, ma'aikata na nan, hanya ce babu. In wannan ba tsinkewar ayari ba ne, mene ne?

Malamar Jogirafi: Misalin ya yi, amma ayari tafiya ce kawai. Ina matata, ina masana'anta? Lokacin da madatsar tarkacen ma'adini ta ɓalle a Brumadinho ta Barazil a Janairun 2019, mutum 270 suka rasu, farashin tama ya tashi a duniya. Can ba hanya ce ta yanke ba, tushen ne ya tsaya.

Ɗan Maraɗi: To ai "hanyar kaya" taki ma ba ta ɗauke wannan ba, Hajiya.

Malamar Jogirafi: Na yarda, da sauranta.

Mai Fassara, Samaru: Sha ɗaya ta wuce, caji saura kaɗan, ga abin da zan karanta. Farko: "barazanar katsewar kaya, tun daga ramin haƙa har hannun mai saye". Bayan nan in riƙa cewa "katsewar kaya" kawai. Zan kawo ayarin fatake a matsayin misali, da labarin Arlit. Tauraron ɗan'adam yana nan yadda yake, Baba a yi mini afuwa.

Ɗan Tudun Wada: Wannan ai bayani ne, ba kalma ba. Amma dai Mama za ta gane.

Baba Mai Ritaya: Kalma goma sha ɗaya a madadin biyu. To, Allah ya ba da sa'a. In mai saurare ya bugo ya ce sunan tauraron ya yi tsawo, ka san abin da za ka ce masa.

Bakano a Kongo: Baba ne zai bugo da wata lambar.