Cikina yana tauri a wata na takwas: naƙuda ce ko kuwa?

Mai cikin fari:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da yayyen da suka riga ni sanin wannan al'amari. Cikina na fari ne, kuma a awon da na je na ƙarshe an ce ya kai mako 34. Kwanan nan, musamman da yamma bayan na gama aikin gida, sai in ji cikin ya dunƙule ya yi tauri na ɗan lokaci sannan ya saki, wata rana sau biyu ko uku a jere, wata rana kuma shiru har gari ya waye. Surukata ta ce zaƙi ne, har ta kawo mini jiƙo. Shin haihuwa ce ta matso, ko in kwantar da hankalina?

Ungozomar asibiti:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da kika bayyana ya fi kama da naƙudar ƙarya, wadda ake kira da sunan John Braxton Hicks, likitan Ingila da ya yi bayaninta a 1872. Mahaifa takan tamke ta saki tun cikin yana ƙarami, sai dai wannan tamkewar ba ta buɗe bakin mahaifa, kuma gajiya da ƙishirwa da riƙe fitsari suna ƙara tayar da ita. Idan ta zo, ki sha ruwa kofi biyu, ki yi fitsari, ki kwanta ta gefen hagu, sannan ki riƙa duba agogo. Ta ƙarya ba ta da tsari, a gaban ciki take tsayawa, kuma takan lafa idan an huta ko an sauya zama. Ta gaskiya kuwa sau da yawa daga baya take tasowa ta zagayo mara, tana ƙara ƙarfi, tazarar da ke tsakani tana raguwa, kuma kwanciya ba ta hana ta.

Amma ki lura cewa cikinki bai kai mako 37 ba, saboda haka idan tamkewar ta kai sau huɗu zuwa shida a cikin awa ɗaya duk da kin huta, ki tafi asibiti a ranar, domin kada a haifi bakwaini. Haka nan idan faya ta fashe, ko kika ga jini, ko motsin yaro ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani ya kama ki tare da dishi-dishin gani, kada ki jira safiya.

Uwar biyar:
'Yata, ni a lokacin bazara naƙudar ƙarya ta fi addaba ta, kuma wanka da ruwan ɗumi yakan sa ta saki. Shawarata ita ce ki haɗa kayan haihuwa tun yanzu, ku kuma daidaita da maigida kan abin hawan da zai kai ki ko da tsakar dare ne. Idan kin je aka duba aka ce ki koma gida, ba abin kunya ba ne, domin ko mu da muka haihu da yawa tana ruɗa mu.

Ungozomar asibiti:
Gaskiya ne, Hajiya. Game da jiƙon kuwa, ƙanwata, ki dakata da shi, domin ba a san ƙarfin abin da aka jiƙa ba, kuma wasu itatuwan suna matsa mahaifa alhali bakinta bai buɗe ba. Ki lallashi surukarki ta raka ki awo na gaba, a gwada fitsarinki a gabanta, tun da ciwon sanyi na mafitsara shi ma yana sa mara ta riƙa ɗaurewa.