Gidan mudirin Jami'ar Khartum: wa zai taimaka mini da tarihinsa?

Ɗan Mai Lambu, Gadarif:
Assalamu alaikum jama'a. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana aikin lambu a gidan mudirin Jami'ar Khartum, wato shugaban jami'ar. Da yaƙi ya koro mu a 2023, cikin kayansa duka hoto ɗaya na tsira da shi, shi ma don yana cikin Alƙur'anin Inna ne. Yana tsaye a gindin darbejiya da almakashin datse shuka, ya naɗe hannun riga, ga barandar gidan a bayansa. Ba a rubuta shekara ba. Ya sha gaya mana cewa cikin mudiran da ya yi wa aiki akwai wanda ya taɓa zama Kano. Yarana sun fara tambaya, ina so in ba su labarin kakansu da tushe. Wane ne wannan mudirin, kuma su wa suka gabace shi?

Baba Malam, Maiwurno:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta masa. Ai wannan ba ɓoyayye ba ne, Farfesa Abdullahi Ɗayyib ne. Shi ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano wajen 1964 zuwa 1966, wadda ta zama Jami'ar Bayero. Ya riƙe Jami'ar Khartum a 1974. Mu tsofaffi ba da mudiranci muka san shi ba, da tafsirinsa a rediyon Umdurman muka san shi: Shaihu Siddiƙ Ahmad Hamdun na jan baƙi, shi yana fassarawa da Larabcin da ko tsohuwa a bakin murhu za ta gane. Ya rasu a 2003.

Yaya Hauwa, Jidda:
Ƙanena, ni a can na yi karatu, bari in ɗora. Asalin jami'ar Kwalejin Tunawa da Gordon ce, Kitchener, janar ɗin sojan Ingila, ya buɗe ta a 1902, wannan jan ginin na bulo mai bakuna da ke bakin Shuɗin Nilu. James Currie ne shugabanta na farko. A 1924 aka buɗe makarantar likitoci ta Kitchener, aka haɗe su a 1951, ta zama cikakkiyar jami'a a Yulin 1956, watanni kaɗan bayan 'yancin kai. Ko a lokacin Bature ne a kujerar, Michael Grant. Sai 1958 ɗan ƙasa ya hau, Nasru Alhaji Ali. Saboda haka ka tambayi Inna yaushe Baba ya fara aiki, daga nan za a lissafo maka waɗanda ya yi wa hidima. Ni abin da ke ci mini rai, ana jera sunayen mudirai, amma waɗanda suka shayar da itatuwan da muka yi bita a inuwarsu ba mai ambatonsu.

Ɗan Mai Lambu, Gadarif:
Na gode Baba, na gode Yaya. Na tambaye ta yanzun nan. Ta ce zamanin mulkin Janar Abbud ne, kafin a yi aurensu, wato tsakanin 1958 da 1964. Da na ambaci sunan Farfesa sai ta yi shiru, can ta ce wallahi shi ne, Babanku ba ya bari a taɓa rediyo idan ya fara tafsiri. Gobe da safe zan kai hoton a wanko mini guda uku, ɗaya na yayata da ke Kassala.